Daga tashar jirgin ƙasa zuwa filin jirgin Kwandere



Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe filin jirgin sama na Lafiya da ke Kwandere a watan Fabrairun 2022, tambayar da ake yawan yi mana ita ce: minti nawa ne daga nan zuwa Abuja? Kafin amsa, bari mu ɗan waiwaya.

Jirgin ƙasa muka fara sani a Agyaragu, shi ya sa har gobe ake cewa Agyaragu Tasha. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi, ya bi ta nan da Lafiya, ya kai Kafanchan a 1927. Ba a buɗe gadar Makurɗi ba sai 1932, kafin nan a kan jirgin ruwa ake tsallakar da taragwai kogin Binuwai. A zamanin, da wuni da kwana ake auna tafiya, kuma doyarmu ta yi suna a Arewa ne a kan wannan dogo.

A cikin shekarun ne jirgin sama ya fara sauka a Najeriya. A Nuwamban 1925 jirage uku na sojojin saman Ingila suka sauka Kano daga Masar, bayan sun yi kwanaki suna tafe suna yada zango. Mu kuwa sai bayan kusan shekara ɗari muka samu filinmu, wanda Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya fara, aka buɗe shi zamanin Gwamna Abdullahi Sule.

To, ga lissafin. A miƙe ta sama, daga Lafiya zuwa filin jirgin Abuja wajen kilomita 150 ne. Zuwa na Jos da ke Heipang bai kai haka ba, Makurɗi kuwa ko 100 bai cika ba. Kano tana arewa da mu sak, kusan kilomita 400. Tafiyar Abuja ba za ta wuce rabin awa a sama ba, kuma yawancinta tashi ne da sauka. Amma ka haɗa da fita daga Agyaragu zuwa Kwandere, da jiran bincike, da kuma wajen kilomita 40 daga filin Abuja zuwa cikin gari. Wanda ya hau mota ya bi ta Akwanga da Keffi, yanzu da aka raba titin gida biyu, zai iya riga ka isa, kuɗinsa kuma na aljihunsa.

A ganinmu kusancinmu da Abuja shi ne ke hana jirgin fasinja kama kasuwa a nan. Jirgi sai da nisa yake biyan kuɗinsa: Abuja zuwa Legas ya haura kilomita 500 amma awa ɗaya ne, Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 cikin awa biyar ko ƙasa da haka.

Dama sunan filin na ɗaukar kaya ne. Doya tana da nauyi, da wuya kuɗin jirgi ya bar wa manomi riba, sai dai kaya masu daraja ko masu saurin lalacewa. Abin da ya kamata ƙungiya ta matsa wa wakilanmu a kai shi ne jigilar alhazai daga Kwandere, don tsofaffinmu su huta da zaman jira a sansanin Abuja, sannan a dawo mana da jirgin ƙasa a dogon da ciyawa ta rufe a bayan kasuwa.