Agana Ta Tafi, Ƙyanda Ta Saura

Bahaushe yakan sakaya sunan abin da yake shakka. Shi ya sa ya kira ƙyanda da baƙon dauro, wato baƙon da yake sauka da rani ba tare da sallama ba, ya bi gida gida yana kwantar da yara. An daɗe ana haɗa ta da agana, har sai da likitan nan Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta littafi ya bambance tsakaninsu. Tarihin cututtukan biyu ya sake haɗuwa a ƙasarmu a ƙarni na ashirin, amma ƙarshensu bai zo ɗaya ba.

A shekarar 1954 John Enders da Thomas Peebles suka ware ƙwayar cutar ƙyanda a Boston ta Amurka, aka kuma amince da allurar rigakafinta a 1963. Abin da ba kasafai ake ambata ba shi ne rawar da Nijeriya ta taka. Tun farkon shekarun 1960 Dokta David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, ya gwada allurar a can, bayan ya ga yadda ƙyanda take kashe yaran da ba su ƙoshi ba, ta kuma makantar da wasu.

A 1967 aka ƙaddamar da gangami a ƙasashe ashirin na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, domin kawar da agana da kuma daƙile ƙyanda. Dattawa ba su manta da na'urar nan da ake takawa da ƙafa tana harba magani a dantse ba. Ya zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarta baki ɗaya. Ƙyanda kuwa lafawa ta yi, sannan ta dawo.

Dalilin yana cikin halin cutar kanta. Mai agana ba ya ɓuya, don haka dabarar da William Foege ya gwada a gabashin Nijeriya ta yi aiki: a nemo majinyaci, a yi wa na kewaye da shi lamba. Ƙyanda ba ta ba da wannan dama. Yaro yakan fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su feso, ƙwayar takan yi awa biyu a iskar ɗaki bayan ya fita, kuma mutum guda yana iya harbin goma sha biyu zuwa goma sha takwas. Kafin ma'aikaci ya ji labari, unguwa ta kama.

A ganina nan ne gangamin ya gaza. Ayari yakan zo ya wuce, haihuwa kuwa ba ta tsayawa, kuma kowace shekara sabon rukunin jarirai yana tasowa babu kariya. Wannan ne ya sa aka koma ga rigakafi na kullum a asibiti: allura ta farko a wata tara, lokacin da kariyar da jariri ya gada daga uwa ta yi rauni, ta biyu a wata goma sha biyar domin waɗanda ta farko ba ta kama su ba. Sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun samu duka biyun kafin cutar ta rasa hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 ƙyanda ta kashe mutum 107,500, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar waɗanda ba a yi musu allurar ba, ko ba a cika musu ita ba.