Zirin Wakhan: Yadda aka mai da Afghanistan shinge tsakanin dauloli biyu

Duk wanda ya dubi taswirar Afghanistan zai ga wani siririn yanki da ya miƙe gabas kamar yatsa har ya taɓo China. Shi ne zirin Wakhan, mai tsawon kimanin kilomita 350, kuma tsoro ne ya haife shi.

A ƙarni na 19 Rasha na ta haɗiye Tsakiyar Asiya tana gangarowa kudu, Birtaniya kuwa na fargabar rasa Indiya. Kowacce ta gwammace a bar ƙasa mai rauni a tsakani, don kada sojojinsu su yi ido huɗu a bakin iyaka har ƙaramar hatsaniya ta rikiɗe yaƙi. Shata iyakokin da aka yi a 1893 da 1895 ya bar zirin a hannun Sarki Abdur Rahman Khan, ta yadda daulolin biyu ba su haɗa iyaka ba.

Dabarar ta hana gwabzawa, sai dai Afghanistan ce ta biya kuɗin sabulu. Birtaniya ta riƙe harkokinta na waje har 1919, layin Durand na 1893 kuma ya raba Pashtunawa gida biyu, iyakar da har yau Kabul da Islamabad ke taƙaddama a kanta.