Mene ne turin waƙa?

Turin waƙa sana'a ce ta kwafe waƙoƙi daga kwamfuta zuwa waya ko memori. Ita ta gaji kaset da faifan CD a kasuwanni irin na Batsari da Safana. A Amurka, kamfanin Apple ya fitar da iPod a 2001, ya kuma yanka wa kowace waƙa santi 99 a 2003. Nan kuwa jimla ake turawa, kuma galibi mawaƙi ba ya ganin ko sisi. Wasu masu saurare sun fi son waya, wasu rediyo mai cin memori saboda ƙarfin sauti. Ko da aka katse layukan sadarwa a yankin a Satumban 2021, waƙar memori ba ta yanke ba, domin ba ta buƙatar intanet.