Fitila mai kunna kanta da magariba: yadda na'urar gane haske ke sarrafa rile

A Kafanchan da garuruwan kudancin Kaduna, irin su Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, gidaje da shaguna da wuraren ibada da yawa na dogaro ne da batir da farantin sola wajen haska harabarsu da dare, saboda yawan ɗaukewar wutar kamfanin Kaduna Electric. Ga mai irin wannan tanadi, fitilar da aka manta a kunne da rana asara ce, wadda kuma aka manta ba a kunna ba da dare giɓi ce a tsaro. Akwai ƙaramar da'irar lantarki da ke ɗauke wa mutum wannan aiki, kuma ɗalibi ko mai gyaran rediyo na iya haɗa ta da kayan da ba su kai goma ba.

Sassan da'irar

Sashe na farko shi ne idon da'irar, wanda masu sayar da kayan lantarki ke kira LDR. Ɗan ƙaramin resisto ne da ake yi da sinadarin kadmiyom salfaid, kuma ƙarfin tare wutarsa na sauyawa gwargwadon hasken da ya sauka a kansa. A tsakar rana yakan sauko zuwa 'yan ɗaruruwan om, a duhu kuwa yakan haura om miliyan ɗaya. Injiniyan Ingila Willoughby Smith ne ya gano wannan ɗabi'a a jikin sinadarin seleniyom a shekarar 1873.

Na biyu shi ne rile, wato makunnin da maganaɗisu ke ja. Idan ƙaramar wuta ta ratsa naɗin wayar da ke cikinsa, sai ya jawo wani ɗan ƙarfe da ke haɗa hanyar babbar wuta. Naɗin ƙaramin rile mai bolt 12 yakan ci miliamfiya 30 ko kusa da haka.

Na uku shi ne transisto, kamar BC547, wanda ke tsakanin su biyun, domin wutar da ke ratsa LDR ba ta isa ta ja rile da kanta ba. Transiston na buɗewa ne idan ƙarfin wutar da ke ƙafarsa ta tsakiya ya kai kusan bolt 0.7, kuma yana ɗaukar har miliamfiya 100.

Yadda take aiki

Ana jera resisto mai juyawa da LDR tsakanin bakunan batir biyu, resiston a ɓangaren ja, LDR a ɓangaren baƙi, sannan a ja waya daga mahaɗarsu zuwa ƙafar tsakiya ta transisto. Da rana LDR na zubar da wutar zuwa ƙasa, don haka transisto na rufe, fitila na kashe. Idan duhu ya shigo sai ya tare hanyar, ƙarfin wutar mahaɗar ya hau, transisto ya buɗe, rile ya kama. Da resisto mai juyawa ake zaɓar irin duhun da ake so fitilar ta kama a kansa. Ana ƙara masa wani resisto tsayayye, don kada a murɗa shi har ƙarshe transisto ya ƙone.

Wajibi ne a sa dayod, kamar 1N4007, a juye tsakanin bakunan naɗin rile. Duk lokacin da aka yanke wa naɗin wuta, yakan maido da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci, wanda ke iya kashe transisto idan babu dayod.

Inda matsala ke tasowa

Yawancin cikas na zuwa ne bayan an kafa da'irar. Idan hasken fitilar na sauka a kan LDR, za ta ɗauka gari ya waye ta kashe, duhu ya dawo ta sake kunnawa, ta yi ta ƙyaftawa har rile ya lalace. Saboda haka a kafa idon a bayan fitila ko samanta, yana kallon sararin sama.

Da magariba haske na raguwa ne sannu a hankali, abin da kan sa rile karkarwa. Maganinsa shi ne a bar tazara tsakanin matakin kunnawa da na kashewa, ta hanyar amfani da guntun LM358 ko 555 a maimakon transisto shi kaɗai. Wannan na da muhimmanci a yankin Kafanchan, inda damina ke kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba kuma hadari kan duhunta gari da la'asar. A lokacin hunturu kuma ƙura kan lulluɓe idon, fitila ta riƙa kamawa tun da sauran rana, don haka a riƙa goge shi.

Amfani da hattara

Tsawon dare a Kafanchan bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Fitila mai wat 10 na zuƙar amfiya-awa 10 daga batir mai bolt 12 a dare guda. Idan ta wuni a kunne, adadin ya ninka, kuma yawan tatse batir na gajarta rayuwarsa. Shi kuwa rilen bai kai rabin amfiya-awa ba a daren.

Fitilun titi masu sola na bin wannan ƙa'ida, sai dai farantin ne idonsu: da zarar ƙarfin wutarsa ya faɗi, na'urar da ke kula da cajin batir sai ta kunna fitila.

Mai koyo ya tsaya kan bolt 12, tare da fiyus kusa da batir. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma tana kisa. Duk wanda ke son rile ya sarrafa ta, ya miƙa wannan ɓangare ga ƙwararren mai aikin lantarki, a rufe da'irar cikin akwatin roba da ruwa ba ya shiga, kuma kada nauyin fitilun ya wuce adadin da aka rubuta a jikin rilen.