Daga Mujallar Faransa Zuwa Netflix: Asalin "Love, Death & Robots"

Ranar 15 ga Maris, 2019, kamfanin Netflix ya saki gajerun finafinan zane guda 18 a lokaci ɗaya, da sunan "Love, Death & Robots". Kowanne da labarinsa da salon zanensa, kuma babu wanda ya kai minti 20. Da yawa sun ɗauka sabon abu ne ya zo, alhali tushensa ya haura shekara 40.

A birnin Paris aka faro. A 1975 mujallar Métal Hurlant ta fito, wadda masu zane irin su Moebius da Philippe Druillet suka kafa don buga labaran ƙirƙira na kimiyya ga manya: duniyoyin sama, mutum-mutumi, tashin hankali, har da batsa. Amurkawa suka yi kwaɗayi, suka fara buga tasu a 1977 mai suna Heavy Metal. A 1981 aka mayar da ita fim a Kanada ƙarƙashin Ivan Reitman, inda wani koren dunƙule mai mugunta ke ɗinke labarai daban-daban wuri guda. Japan ma ta taka rawa da Robot Carnival a 1987, sannan The Animatrix ya biyo baya a 2003 da gajerun labarai tara.

Matasan da suka tashi da mujallar Heavy Metal su ne daga baya suka zama manyan masu shirya fim. Biyu daga cikinsu, David Fincher da Tim Miller, mai kamfanin zane na Blur, sun yi niyyar farfaɗo da Heavy Metal tun 2008. Paramount ya karɓa, daga baya ya janye. Ba a rasa dalili ba. Gidan sinima tikiti yake sayarwa, kuma wa zai zuba miliyoyin daloli a katun ɗin da yara ba za su kalla ba, wanda babu jarumi ɗaya da za a manna hotonsa a bango? Haka aikin ya yi ta jan ƙafa kusan shekara goma. Abu biyu suka buɗe ƙofa: Miller ya yi suna da Deadpool a 2016, Netflix kuma ba ruwansa da layin tikiti, burinsa kawai ka zauna ka ci gaba da kallo. Haka aikin ya rikiɗe ya zama wannan shiri na Netflix.

A ganina, babbar ribar shirin ta marubutan gajerun labarai ce, irin su John Scalzi da Ken Liu da Alastair Reynolds. Da can, in sinima ta ɗauki gajeren labari sai ta ja shi kamar ƙaro har ya tsinke. Nan kuwa an bar shi daidai tsawonsa. Dubi "Zima Blue" na Reynolds, wanda Robert Valley ya zana. Labarin wani shahararren mai zane ne da ke saka shuɗin murabba'i a kowane aikinsa, shuɗin yana ta girma har ya mamaye sararin sama. Ashe asalinsa ƙaramar na'ura ce mai goge tayil ɗin wurin ninƙaya. A gaban jama'a ya faɗa ruwa, ya zubar da duk abin da aka ƙara masa, ya koma gogensa. Cikin kusan minti goma aka gama, ba a ɓata ko daƙiƙa ba.

Tsarin shirin ne ya sa masu sharhi ke auna kowane kashi shi kaɗai, suna jera su daga na kirki zuwa na banza. Zangon farko ya sha suka kan tsiraici da cin zarafin mata, kuma sukar tana kan gaskiya. Daga zango na biyu a 2021 aka ɗauko Jennifer Yuh Nelson ta kula da aikin, aka rage labaran wannan zangon zuwa takwas. Na uku a 2022 ya kawo "Jibaro" na Alberto Mielgo, labarin kurman jarumi da aljanar ruwa mai ado da zinariya, babu magana ko kalma ɗaya a ciki.

Wasu sun bi sahu. Disney ta yi Star Wars: Visions a 2021, sai Kizazi Moto a 2023, na masu zanen Afirka, ciki har da ɗan Najeriya Shofela Coker da fim ɗinsa "Moremi".

Mai karatu, in za ka fara, fara da "Zima Blue". Amma kada sunan katun ya ruɗe ka ka miƙa wa yara wayar, wannan shiri na manya ne.