Tarihin Matse Bayanai da Al'adar Gina Manhaja daga Rubutunta na Asali

Ƙofar Kuyambana ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zazzau, 'yar'uwar Ƙofar Doka da Ƙofar Kibo da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, kuma unguwannin da wannan ganuwa ta kewaye, musamman Kona da Juma, sun daɗe da yin suna wajen karatun zaure. Wayar da ke aljihun mazaunin wannan yanki a yau, da kwamfutar da ke shagon buga takardu a bakin titi, duk suna aiki da wata fasaha da ake kira matse bayanai, wato rage girman rubutu ko hoto domin ya ci wuri kaɗan a ma'adana kuma ya yi saurin tafiya a intanet, sannan a warware shi, kuma a irin matsewar da ake magana a kanta a nan yakan koma yadda yake ba tare da harafi ɗaya ya salwanta ba. Tarihin wannan fasaha ya tabbatar da cewa abin da aka matse ba ya samun amincewar jama'a sai hanyar warware shi ta kasance a fili, kuma daga nan ne al'adar gina manhaja daga rubutunta na asali ta samu darajarta.

Malaman Zazzau sun san taƙaita ilimi tun kafin zuwan na'ura, domin ɗalibin fiƙihu yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala da Askari, kafin ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda ake karantawa kashi biyu, Lauwali da Sani. Littafin ya dunƙule mas'alolin mazhabar Malikiyya waɗanda suka samo tushe daga Mudawwana ta Sahnun, malamin Ƙairawan da ya rasu a 854, kuma dabarar da marubucin ya bi ita ce ware kalma guda ga kowane ɗaya daga malamai huɗu, Lahmi da Ibn Yunus da Ibn Rushd da Mazari, ta yadda ambaton kalmar ya wadatar wajen nuna mai ra'ayin, kamar yadda ya sanya lamiri guda ya tsaya a madadin sunan Mudawwana. Ya bayyana waɗannan alamomi a gabatarwar littafin, saboda haka wanda bai riƙe su ba, ko bai zauna gaban malamin da zai warware masa jimla da Hausa ba, karatun ba zai buɗe masa ba.

Kwamfuta ta ginu a kan irin wannan tunani, sai dai ita da lissafi take yi. A 1952 David Huffman, yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya wallafa hanyar da ake bai wa harafin da ya fi yawan fitowa gajeriyar alama, wanda ba ya yawan fitowa kuma a ba shi doguwa, ta yadda a rubutun Hausa harafin "a" zai ci wuri ƙasa da wanda "ƙ" zai ci. A 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka kawo wata dabara ta kawar da maimaici: idan gaisuwar "Allah ya ja zamanin sarki" ta fito sau biyu a wasiƙa, ba a sake rubuta ta biyun, sai a ajiye lambobi biyu kawai, ɗaya tana faɗin nisan da za a koma baya, ɗaya tana faɗin yawan haruffan da za a kwafo. Phil Katz, wanda ya fito da manhajar PKZIP a 1989, shi ne ya haɗa dabarun nan biyu a tsarin da ake kira Deflate, wanda ke iya waiwaye har tsawon kilobayit 32, ya kuma kwafo haruffa daga 3 zuwa 258 a karo guda.

Abin da ya haifar da laburaren matse bayanai mai suna zlib rikicin haƙƙin mallaka ne. Terry Welch ya wallafa tsarin matsewa na LZW a 1984, kamfanin Unisys ya riƙe haƙƙin ƙirƙirarsa, kuma a kansa aka gina hotunan GIF da CompuServe ya fitar a 1987, har zuwa ƙarshen 1994 lokacin da aka sanar cewa masu rubuta manhajojin da ke amfani da shi za su riƙa biyan kuɗi. Tun a 1992 Jean-loup Gailly da Mark Adler suka rubuta gzip domin kauce wa wannan ƙangi, kuma da masu ƙirƙiro sabon tsarin hoto na PNG suka buƙaci hanyar matsewa da ba mallakin kowa ba, sai mutanen biyu suka fitar da zlib a watan Mayu na 1995, Gailly ya rubuta ɓangaren matsewa, Adler ya rubuta na warwarewa. Ma'anar laburare a nan ita ce tarin umarni da aka rubuta sau ɗaya domin sauran manhajoji su riƙa aro maimakon kowace ta rubuta nata. A 1996 aka wallafa cikakken bayanin tsarin matsewar a takardun ƙa'idojin intanet masu lamba 1950 da 1951 da 1952, kuma yau hotunan PNG da fayilolin PDF da shafukan intanet marasa adadi da shi ake matse su.

An rubuta zlib da harshen C, wanda mutum ke iya karantawa amma na'ura ba ta fahimtarsa sai an juya shi zuwa nata harshen na lambobi, kuma wannan juyi, wanda manhajar tafinta ke yi, shi ake kira gina manhaja daga asali. Al'adar ta fito ne daga masu aiki da babbar manhaja ta Unix, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, inda Stuart Feldman ya rubuta make a 1976 a ɗakunan binciken Bell domin ta jera matakan ginin, sannan tafintar GCC ta Richard Stallman ta fito a 1987 kyauta ga kowa. A kan babbar manhajar Linux aikin gajere ne: mai ginin zai warware ƙunshin zlib da ya sauke, ya shiga jakar, ya rubuta configure domin a binciki irin na'urarsa, ya rubuta make a yi ginin, sannan make test, inda laburaren zai matse wani ɗan rubutu ya warware shi ya gwada da na farko.

A kan kwamfutar tebur mai Windows wahalar ta fi yawa, domin babbar manhajar ba ta zuwa da tafinta, sai mutum ya ɗora Visual Studio na Microsoft ko MinGW, wanda ya kawo GCC cikin Windows. Cikin ƙunshin zlib akwai jaka mai suna win32 ɗauke da takardun umarni na kowace tafinta, kuma idan an gama ginin ana samun laburaren iri biyu: wanda ake cusa shi cikin jikin manhaja ya zama ɓangarenta, da wanda ke zaune daban da sunan zlib1.dll, manhajoji da yawa suna kiransa idan sun buƙata. Kuskuren da ya fi kama sabon hannu shi ne ya gina laburaren don na'ura mai bit 32 alhali manhajarsa ta bit 64 ce, ko ya manta bai nuna wa tafinta inda fayilolin zlib.h da zconf.h suke ba, sai ginin ya tsaya cak.

Abubuwa biyu da suka faru sun nuna nauyin da ke kan mai gini. A 2002 aka gano aibi a zlib 1.1.3 wanda maƙetaci zai iya amfani da shi, aka gyara a 1.1.4, amma da yake manhajoji da dama sun cusa tsohon cikin jikinsu, dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sake gina su, kuma mai rubutun asali a hannu ne kaɗai ya iya yin haka da kansa. A ranar 29 ga Maris 2024 kuma injiniya Andres Freund ya sanar da cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a wani laburaren matsewa, xz 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata na'ura. An ɓoye dafin cikin fayilolin gwaji, makunninsa kuma yana cikin umarnin ginin da ke ƙunshin da aka rarraba, wanda ya saɓa da ma'ajiyar da jama'a ke dubawa, abin da ya nuna cewa mallakar asali ba ta wadatar sai an gwada kwafi da shi.

Zariya tana da wuraren da wannan sana'a ta dace da su, domin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru a 1962 tana da cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, ga kuma Kwalejin Nuhu Bamalli. Laburaren zlib ƙarami ne, ba ya cin data mai yawa wajen saukewa, tsohuwar kwamfuta ma tana gina shi cikin ɗan lokaci, lasisinsa kuma ya halatta wa kowa ya karanta ya gyara. Ɗalibin da aka sa shi ya gina shi da hannunsa, ya karanta yadda yake kawar da maimaici, ya gwada ƙunshin da ya sauke da na masu shi, ya fita daga sahun masu karɓar manhaja a rufe, ya shiga sahun waɗanda za su iya gyara ta ranar da ta samu matsala, kuma irin waɗannan ne bankuna da asibitoci da ofisoshin gwamnati na Arewa suke buƙata.