Ɗagowar Silib Bisa Fuskar Bulok da Ƙonewar Gasket Bayan Sabunta Injin Dizal

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ke sa gasket ɗin tof ya sake ƙonewa bayan an sauke injin dizal an sa masa sababbin silib. Matsayinta shi ne, a inji mai jiƙaƙƙen silib, sau da yawa alhakin yana wuyan rashin auna ɗagowar silib, ba ingancin gasket ba.

Gabatarwa

Silib shi ne bututun ƙarfen da fistin ke kai-kawo a cikinsa. Akwai busasshe, wanda ake matsawa cikin bulok ruwa ba ya taɓa shi, irin na Perkins 4.236 da ke cikin taraktocin Massey Ferguson da dama. Akwai kuma jiƙaƙƙe, wanda ruwan sanyaya inji ke kewaye bayansa, irin na Caterpillar 3406 da C15 da Cummins N14. Na biyun ne abin nazarinmu.

A garejin manyan motoci, in tirela ta dawo tana tafasa ruwa wata guda da gyara, ba a daɗe ana neman mai laifi: "Maigida, gasket ɗin jabu ne." Ba a musun cewa akwai jabun kaya a kasuwa. Amma wannan bayani bai amsa tambaya ɗaya ba: me ya sa gasket na biyu, mai tsada, yake ƙonewa a kan silindar da na farko ya ƙone, a gefe guda kuma? Jabun kaya ba ya zaɓen silinda.

Hanyar Bincike

An ɗauki ƙa'idojin awo da kamfanin Caterpillar ya gindaya wa C15, aka gwada su da yadda ake ɗaura silib a aikace.

Sakamako da Tattaunawa

Jiƙaƙƙen silib yana da leɓe a samansa, wanda a injina da dama ke zama cikin gurbin da aka yanka masa a bulok. Dole leɓen ya ɗan ɗago sama da fuskar bulok, domin idan aka ɗaure tof, wannan ɗagowar ce ke danne zoben ƙarfen gasket ya toshe wutar da matsinta ke haura bar 100. A C15, inda ake auna ɗagowar daga saman farantin da ke tsakanin bulok da tof, ana son ta tsaya tsakanin milimita 0.025 da 0.152. Bambancin gefe da gefe na silib ɗaya kada ya wuce 0.051, haka ma tsakanin silib da maƙwabcinsa.

A nan gizo ke saƙa. Kaurin takardar rubutu kusan milimita 0.1 ne, wato rabinsa kaɗai aka yarda ya raba maƙwabta biyu. Yatsa ba ya jin wannan, ido ba ya gani. Ɓarɓashin tsatsa ko ƙurar hunturu da ya maƙale a gurbin ya isa ya karkatar da leɓe. Silib ɗin da ya nutse ba ya samun danni, sai iskar wuta ta ratsa cikin ruwa, lagireto ya riƙa kumfa. Wanda ya ɗago fiye da kima kuma shi ke ɗauke nauyin tof, ya hana na kusa da shi matsuwa, wani lokaci leɓensa ya tsage zagaye.

Awon ba shi da wuya, abin da ke ƙara wa mutum takaici ke nan. A kankare gurbin tas, a zura silib ba tare da zobban robar da ke tare ruwa ba, a danne shi da kusoshi, a ɗora agogon awo a karanta a wurare huɗu. In ya nutse, a sake yanka gurbin a sa siririn faifan ƙarfe a ƙarƙashin leɓe. Sai a yi wa kowane silib lamba, ya koma ramin da aka auna shi. Bayan haka ne ake sa zobban roba, ana shafa musu abin da kamfanin da ya ƙera injin ya ce, domin baƙin mai yana kumbura zobban da aka yi da robar EPDM.

Iyakokin Bincike

Alƙaluman nan na C15 ne, kowane inji da nasa littafin. Haka kuma tof da ya lanƙwashe, da kusoshin da ba a ɗaure bisa tsari ba, da ramukan da kumfar ruwa ke ci a bayan silib, duk suna iya kawo tafasar ruwa. Sai dai tof da kusoshi ana iya duba su ko bayan mota ta dawo, yayin da gyaran ɗagowa ke buƙatar a sake zare fistin da silib gaba ɗaya.